Sun Tashi, Ba Su Tashi Ba

Litinin, 12 ga Agusta, 2024. Gwandu

Ruwa tun asuba, bai tsagaita ba sai hantsi. Tela ya kira daga Kalgo. Mutum biyu a kan babur, jaka a kafaɗa, suna neman mai POS na shago na biyu. Ya ce musu nan ɗinki ake yi. Suka nuna masa waya: sunan sana'a, a ƙarƙashinsa shagunan marigayi, ga sunan Yaya ɓaro-ɓaro, daura da masallaci, hanyar Bunza. Suka ɗauki hoton ƙofa, suka tayar da babur.

Yaron POS ya miƙa makulli tun Janairu. Na duba littafin rasit. Ga sa hannunsa, ga na shaidu.

Talata, 13

Lambarsa a kashe. Safe, azahar, bayan isha'i. A kashe.

Laraba, 14

Ban faɗa wa matar Yaya ba tukuna. Hayar shagunan nan huɗu ita ce tuwon gidanta, ita ce makarantar yara. Nawa aikin: in karɓa, in rubuta, in kai.

Gero ya fid da kai a gonar bayan gari. Tsuntsaye sun riga mu sani.

Alhamis, 15. Kalgo

Mota biyu, Gwandu zuwa Birnin Kebbi, Birni zuwa Kalgo. Kuɗin motar ya kai cefanen yini.

Shagunan na nan yadda Yaya ya bar su, kwanon gefen gabas ya fara tsatsa. Ya gina su ne da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2013, ta fara zama a Kalgo, ana yi mata mazaunin dindindin a Unguwar Jeji kan wannan hanya. Lissafinsa: inda ɗalibi yake, ciniki ba ya mutuwa. Bai daɗe yana cin hayar ba Allah ya karɓi abinsa.

Tela ya jawo leda daga ƙarƙashin tebur. Ambulan a tare, wasu sun sha ruwa, ɗaya har ya rubuta awon kaftani a bayansa. Na zaci na yaron ne. Ina! Na kamfanin Alhaji mai taki ne, wanda ya riƙe shagon kafin yaron, ya tashi tun 2021.

Ashe su biyu ne.

Da zan tafi na waiwaya. Ruwa ya jiƙa bango, tsohon rubutun kamfanin ya fito ta ƙarƙashin farar ƙasa, har lambar waya ana karantawa.

Ambulan ɗin na jakata. Ban buɗe ko ɗaya ba, ba nawa ba ne.

Juma'a, 16

Da aka sauko na tsaya wurin Liman. Ya ce a Risala hayar gida tana babin ciniki: amfanin wuri ka saya zuwa ajali sananne, ajali ya cika, amfani ya koma ga mai shi. Na ce, Allah ya gafarta Malam, wanda ya fita da jikinsa da kayansa ya bar sunansa a ƙofa fa? Ya jima yana jan tasbaha. Ya ce zai duba. Amma abu biyu ba sai an duba ba: wanda ya ce wa jama'a ku same ni wuri kaza alhali ba ya nan, ya ruɗe su; dukiyar marayu kuma ba a yin kara da ita.

Na biyo ta hubbaren Shehu Abdullahi. Baƙi cike da mota, da gani daga nesa. Ba takarda a hannun kowa, ba su kuma ɓata ba.

Asabar, 17

Baya. Man zafi. Ba labari.

Lahadi, 18

Shagon kwamfuta na wani tsohon ɗalibina. Ya shiga rumbun Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ya buga sunayen biyu. Duk sun fito. Kamfanin taki: rajista 2016, adireshi shagunan Yaya, gefe an rubuta ba ya aiki, wato ya daina kai bayanan shekara-shekara. Na yaron: rajista Yunin bana. Wata biyar bayan ya ba ni makulli.

Na sa ya sake karanta watan. Yuni.

Ya warware mini. A watan Mayu hukumar ta zauna da kamfanonin da ke raba na'urar POS, aka ce kowane mai na'ura ya yi rajista kafin 7 ga Yuli. Dalili: zamba, da kuɗin fansa da ake bi da su ta hannun masu POS. Daga baya shugaban hukumar, Hussaini Ishaq Magaji, ya ƙara kwana 60, wa'adi ya koma 5 ga Satumba. Kafin nan, ƙarshen Afrilu, Babban Banki ya hana wasu kamfanonin buɗe sababbin asusu, bai sake su ba sai farkon Yuni, bisa sharaɗin su tantance mutanensu, har da zuwa ganin wuri da ido. Masu babur ɗin ke nan.

Fom yana son wuri tsayayye. Mai lema da benci a bakin titi ba shi da shi. Sai ya ba da na inda ya taɓa zama, ko na kawunsa, ko na masallacin unguwa. In an nemi shaida, ga hoton tsohuwar takardar wuta a waya.

Na ce ku ba ku bincike? Ya sosa ƙeya. "Malam, abin da mutum yac ce shi mu ka rubutawa."

Bai karɓi kuɗin bugawa ba.

Talata, 20

Raina a ɓace tun safe. Har yara sun gane, sun koma zaure.

Da yamma kuma sai na tuna Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi. Layi daga ƙofar shagon har bakin kwalta, mata da goyo, dattawa da katin banki a hannu ba su san inda za su sa shi ba. Wasu masu POS sun yi ta yanka mutane. Shi ya ɓoye wa matar Yaya tsabar kuɗi ya aiko har Gwandu, ko sisi bai cire ba. Da tallafin mai ya tafi a Mayun shekarar, komai ya tashi, ciniki ya kwanta. Ya zo ya durƙusa ya ce, Baba ba ni iya haya. Bai bar bashi ba. Har shara ya yi kafin ya ba da makulli.

Yaron da ya yi shara. Shi ne kuma na Yuni.

Laraba, 21

Tela, murya na rawa. Wani manomi daga wajen Diggi, kwalbar maganin ciyawa a hannu. Ya yi feshi, ciyawa ta tsaya, shinkafa ta ƙone. A jikin kwalba sunan kamfanin taki, da shagunan marigayi, Kalgo. Ya zauna kan bencin tela daga hantsi har la'asar, ya ce ba ya tashi sai mai kamfani ya fito. Mata biyu da suka kawo ɗinkin biki suka juya da atamfarsu.

Tela ya ce, "Baba, in haka za a yi ta yi, hayata na ƙarewa Oktoba."

Alhaji mai taki. Ya shigo ne da guguwar shinkafa. 17 ga Nuwamba, 2015, Buhari ya zo Kebbi ya ƙaddamar da bashin manoma na Babban Banki, Anchor Borrowers. Malamin makaranta, ɗan acaba, ma'aikacin ƙaramar hukuma, kowa ya nufi fadama. Taki, iri, maganin feshi, injin ban ruwa, ba a ba mutum kwangilar kawo su sai da kamfani mai rajista. Ya yi rajista da shagonmu. Shekarun nan tirela na tsayawa a ƙofa. Da abin ya lafa ya kwashe ya koma Jega.

Kwalbar ta bana ce, in ji manomin.

Alhamis, 22. Kalgo

Mai unguwa, a zaurensa. Ya saurara har ƙarshe, ya yi dariya ba ta jin daɗi ba.

"Malam, wanga abu kamar mutum ya saki mace na, amma shina ta aiko baƙinai gidan ubanta su ci tuwo."

Ya ce ba ni kaɗai ba ne. Tun da aka fara rajistar nan baƙi ke zuwa masa da takardu, suna tambayar sana'o'in da bai taɓa ji ba a gidajen da ya sani sarai. Ya yi alkawarin zai shaida a duk inda ake so cewa mutanen nan biyu sun tashi.

Manomin ya dawo, muka haɗu. Dattijo ne, tafin hannu duk kanta. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi marigayi ya sani, don sunansa ya yarda da kwalbar. Na rasa abin cewa. Na biya masa kuɗin mota.

Asabar, 24

Ruwa, ruwa. Katangar maƙwabci ta zube cikin dare, ba wanda ya ji ciwo.

An ce an ga yaron a Aliero. An kuma ce Kamba.

Litinin, 26. Birnin Kebbi

Lauya, ɗan abokina. Ya ce in rubuta, na ce dama da biro na zo.

Ɗaya. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce kamfani in ya sauya ofis ya sanar da hukuma cikin kwana 14. Mai sunan sana'a kawai, irin yaron, kwana 28.

Biyu. Mai rajista ne ke shigar da canjin, ko wakilinsa. Mai gida ba shi da hanyar shiga ya goge. Iyakarsa ya kai ƙorafi a rubuce.

Uku. Bashinsu bai hau kaina ba, bai hau kan marayu ba, tun da ban tsaya wa kowa ba. Nan na sauke numfashi.

Huɗu. Ya ce, Baffa kada ka yi saurin murna. Takardar da aka ajiye a adireshin rajista, a wurin doka ta isa hannun kamfani. Ana iya yin ƙara, a yi ta kai takardu Kalgo, Alhaji na Jega bai sani ba ko ya yi kamar bai sani ba, a yanke hukunci. Ranar da ma'aikatan kotu suka zo kwasar kaya, abin da suka tarar a shago shi za su ɗora a mota. Kekunan tela. Daga baya ya je kotu ya tabbatar nasa ne, a mayar masa. Kafin nan an yi sati nawa ba ɗinki?

Abin yi: wasiƙa ga kowannensu, kwafi ga hukuma, takardar rantsuwa a kotu cewa sun tashi ranar kaza, sanarwa a bango. Tela ya nemo rasit ɗin kekunansa. Kada ya ƙara sa hannu a kan takardar kowa.

Ya ce in kawo yarjejeniyar haya ya ƙara mata layi ɗaya saboda gaba.

Na fito, hadari ya haɗu ta gabas. Na sami mota da ƙyar.

Talata, 27

Rediyo tun safe, Jihar Kebbi ta cika shekara 33. Jawabai.

Na rubuta wasiƙun da hannu, 'yata ta buga a waya. Ta Alhaji ta yi tsauri, na sassauta. Ta yaron ta yi laushi, ta ce, Baba wannan ai gaisuwa ce. Ban san ma inda zan aika ta ba.

Laraba, 28

Keke biyu da rasit. Na ukun gadon ubansa ne, in ji tela, wa ya ba da rasit a lokacin?

Da dare saƙon murya ta WhatsApp daga wani ɗalibina da ke aiki a Ingila, 'yata ce ta ba shi labari. Ya ce a can in wani ya maƙala kamfaninsa a gidanka, kai mai gida za ka rubuta wa ofishin rajista, su nemi kamfanin ya kawo hujja, in ya kasa su cire shi daga ƙofarka su ajiye shi a wani adireshi nasu. Tun Maris ɗin bana ma an ƙara tsaurarawa, akwatin gidan waya ba ya wadatarwa.

Na saurara, na sake saurara. A can lamba ce a ƙofa. A nan mutum ne. Kalgo, Gwandu, Dalijan, Kambaza, duk ɗaya: gidan wane, bayan gidan wane, ka tambayi shagunan wane. Wanda ya ari adireshi a ƙasar nan mutum ya ara, da mutuncinsa. Wanda aka ara a nan kuma yana kabari, ba ya iya cewa a'a.

Juma'a, 30. Jega

Na same shi. Babban shago, buhuna har rufi. Ya taso ya rungume ni, ya sa aka kawo lemo da nama.

"Haba Malam Hedimasta, har da takarda? Ai wurin gidanmu na. Marigayi ɗan'uwana na. Can arzikina yat tashi, shi as sa ban so in cire."

Na ba shi ledar ambulan. Ya jefa a aljihun tebur bai duba ba.

Kwalba: jabu ce, wasu ke buga sunansa. Ya rantse. Ban san abin da zan yi da rantsuwar ba.

Da na matsa sai gaskiyar lissafi ta fito. In zai canza, hukuma ba ta karɓa sai ya biya bayanan shekarun da ya tsallake, da tararsu. Sannan banki, takardar haraji, takardun neman kwangila, buhuna da kwalaben da aka riga aka buga. Duk Kalgo ke jiki.

Sai ya matso da kujera. Ya ce a bar shi yadda yake, shi kuma duk shekara ya riƙa ba marayu wani abu. Ya faɗi adadi. Ya fi rabin hayar tela.

Na ce zan yi shawara. Wasiƙar dai na sa ya sa hannu ya karɓa.

A mota ina ta lissafin kuɗin jarrabawar babbar yarinyar.

Asabar, 31

Ban yi barci sosai ba. Shago ɗaya, haya biyu. Wa aka cuta?

Manomin Diggi.

To in kwalbar jabu ce da gaske fa?

Lahadi, 1 ga Satumba

Gidan Yaya bayan la'asar. Na faɗa mata duka, daga masu babur har tayin Jega. Tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba.

"Nawa yac ce?"

Na faɗa. Hannunta ya tsaya.

Can ta ce, "Malam, takardun da aka kai wa tela, sunan uban yaran ga ad a kai?" Na ce shi ne. Ta ci gaba da tsintar wake. Ba ta ce a karɓa ba, ba ta ce a bari ba. Ƙaramin ya rako ni har bakin hanya, takalminsa ɗaya ya tsinke.

Talata, 3

Mai ya tashi. Rediyo ta ce gidajen man NNPC a Abuja daga ₦617 zuwa ₦897. Kafin azahar direbobin tasha sun ƙara nasu. Kalgo ta ƙara nisa.

Lauya a waya: kada in karɓi ko kwabo. Ranar da na karɓa, na yarda kamfanin na nan, takardar rantsuwata ta zama ƙarya.

Liman a hanya: bai gama dubawa ba. Amma ya ce hayar abin da amfaninsa ruɗin mutane ne, shi bai ga hanyarta ba.

Laraba, 4. Birnin Kebbi

Takardar rantsuwa. Layi, hatimi, sa hannu. Na yi kwafi, ɗaya ga tela, ɗaya ga mai unguwa, ɗaya cikin littafin rasit.

Alhamis, 5

Yau wa'adin masu POS ke cika. Shagon ɗalibina ba masaka tsinke, samari har waje, kowa da katin ɗan ƙasa a hannu. Na tsaya daga nesa ina jin ana tambaya, adireshi fa? Ana amsawa da sunayen mutanen da na sani.

Bayan isha'i baƙuwar lamba. Shi ne.

"Baba, ina wuni. Na ji an zo."

Na yi niyyar faɗa. Ban samu ta yi ba, ya riga ni da kuka.

Yana Aliero, bakin kasuwar albasa, lema da tebur. Da dare ya naɗe ya kai ɗakin abokinsa. Ranar rajista an ce ya ba da wuri mai ƙofa, ya ce shi duk duniya ƙofa ɗaya ya taɓa riƙe wa makulli. Ya kuma ci bashin jari a wurin kamfanin na'urar, da wannan adireshin. In ya taɓa shi yanzu yana tsoron su rufe na'urar, ita ce abincinsa da na uwarsa.

"Baba, ka yi man haƙuri har albasa ta fito. Wallahi ina kama shago in canza."

Albasa ko dashe ba a yi ba.

Na ce shagon ba nawa ba ne, ya sani. Ya ce ya sani. Na ce zan aiko masa da wasiƙa ta WhatsApp, ya amsa a rubuce cewa ya tashi tun Janairu. Ya ce to. Kati ya ƙare, ko ya kashe.

Juma'a, 6

Ya amsa. Layi biyu, da kuskuren rubutu, amma ya amsa. Na sa an buga a takarda.

Na ji sanyi yau. Har na ci tuwo da yawa.

Asabar, 7. Kalgo

Mai fenti. Shafi biyu na mai, ba farar ƙasa ba, tsohon rubutun ya mutu. Sanarwa: babu kamfanin taki ko POS a nan, sun tashi. Tela ya roƙa kada a yi ta da manyan baƙaƙe, masu kawo ɗinki za su zaci wurin rigima ne. Muka yi ta daidai tafin hannu biyu, gefen ƙofa.

Kuɗin fenti daga aljihuna. Ban sa a lissafin marayu ba.

Talata, 10

Maiduguri. Madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya ci gari. 'Yata na nuna mini a waya, na ce ta ɗauke. Allah ya kai musu ɗauki.

Nan ma an ce ruwa ya hau shinkafar fadama a wurare. Na tuna dattijon Diggi. Nasa ya ƙone tun kafin ruwa ya zo.

Alhamis, 12. Kalgo

Takardar gayyata daga 'yan sanda, tela ya ƙi sa hannu, ya kira ni. Na tafi da mai unguwa.

Wata mata aka yaudara ta waya, ta tura kuɗi, an bi sawu, an cire su ta na'urar da ke da adireshinmu. Ko yaron na ciki, ko wani ne ya zo lemarsa ya cire ya wuce, ba wanda ya sani tukuna. Na shimfiɗa takardu a tebur: rasit, rantsuwa, amsarsa ta ranar Juma'a. Jami'in ya karanta a tsanake, ya ce, Baba ba ruwanka, ba ruwan tela. Mai unguwa ya ƙara da nasa.

Sai ya ce, lambarsa fa?

Na ba shi.

Da muka fito na kira yaron na faɗa masa na bayar, gara ya kai kansa kafin a zo. Shiru mai tsawo. Ya ce, "To Baba." Ba kuka wannan karon.

Matar na zaune a benci a waje, jaka a cinya. Kuɗin adashe ne, in ji mai unguwa.

Juma'a, 13

Lambar a kashe.

Asabar, 14

An fara yankan gero. Na je gona don kada in zauna da waya a hannu. Damma sun fi na bara.

A kashe.

Litinin, 16

Hutun Maulidi, ofisoshi a rufe. Gari cike da yara da sababbin kaya. Tela ya ce bai runtsa ba dare uku, ɗinki ya yi masa yawa, ba wanda ya zo neman kowa. Murya wasai. Bai ambaci Oktoba ba, ni ma ban tayar ba.

Talata, 17

Saƙo daga abokin ɗakinsa: ya je da ƙafarsa, ya kai littafin da yake rubuta masu cire kuɗi. An riƙe na'urar, an ce ya dawo. Ba a tsare shi ba. Lema a naɗe.

Ban san ko murna zan yi ba. Na tura masa kati.

Laraba, 18

Shagon kwamfuta. Mun sake dubawa. Kamfanin taki: shagunan marigayi, Kalgo. Na yaron: shagunan marigayi, Kalgo. Ko wasali bai motsa ba.

Ina dawowa ƙaramin ya tare ni da murna. Mota ta zo daga Jega jiya, an sauke buhun shinkafa a gidansu, an ce saƙon Alhaji ne ga marayu. An riga an farke. Sun ci dafa-duka daren jiya, da safe ma.

Na zauna a dakalin ƙofar gida har aka kira magariba.

Alhamis, 19. Birnin Kebbi

Na kai ƙorafi ofishin hukuma, an karɓa, an buga hatimi a kwafina. An ce za a tura.

Lauya ya ƙara layin a yarjejeniya: duk wanda ya yi rajistar sana'a da shagon, ba a karɓar makulli a sallame shi sai ya nuna takardar canji. Ya ce in Alhaji bai motsa ba zuwa ƙarshen wata, sai kotu ta tilasta shi. Na tambayi kuɗin shari'a. Ya faɗa a hankali, yana kallon tebur.

Na ba shi labarin buhun. Ya dafe kai.

Juma'a, 20

Gidan Yaya da safe, da mudu a hannu. Na ce a fito da buhun. Ta fito da shi da kanta, ta ja shi har tsakar gida, ta koma ɗaki ta saki labule.

Na auna abin da ya rage, babbar yarinyar na riƙe da bakin buhu. Mudu shida aka ci. Na rubuta a littafin rasit, ɓangaren bashi, da sunana. Na ɗinke bakin.

Gobe in ji farashin mudu a kasuwa, in haɗa kuɗin da sauran buhun, in ba direban Jega, ya karɓo mini sa hannu. Geron da aka yanka, in an sussuka, dami biyu su zo nan.

Tela bai ce komai ba kan Oktoba. Yaron bai kira ba. Matar Yaya ba ta amsa sallamata ba da zan fita.

Litinin in sake duba rumbun hukuma.